Tambaya da Amsa: ɗaura wa ƙafar bayan mota kayan samfurin gudu

Wasiƙun wannan makon yawancinsu sun karkata wuri guda. Mutum ya shiga Magazin, kasuwar kayan mota da ke Suame a Kumasi, ko ta Abossey Okai a Accra, an nuna masa kayan ƙafar da aka ciro daga samfurin gudu na irin motarsa, yana son sanin ko za su hau, kuma idan sun hau ko za su amfane shi. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Honda Civic LX ta 2008, ƙofa huɗu, shigowar Amurka. Idan na sha kwana da ɗan gudu sai in ji jikinta ya kwanta gefe guda. A Magazin na ga Civic Si mai shekara ɗaya da tawa, an daki gabanta amma bayan lafiya lau. Me zan ciro daga cikinta? Daga wani mai karatu a Asawase, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi sa'ar mota, domin Civic ta 2006 zuwa 2011 da aka yi wa kasuwar Amurka, ƙirar ƙafar bayanta iri ɗaya ce tun daga DX har Si: kowace taya da hannuwanta, sifirin daban, shokazoba daban. Amma ka fara tabbatar da cewa motar da ake yankawa 'yar Amurka ce ko Kanada. Civic mai gajeren baya da aka yi wa Turai a waɗannan shekarun, har da Type R ɗinta, gindin ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta biyu, kuma ko noti ɗaya na ƙafar bayanta ba zai yi maka amfani ba. Suna ɗaya, shekara ɗaya, mota daban.

Abin da ya fi cancanta ka ɗauka shi ne sandar sitabilaiza. Ita ce siririn ƙarfen da ya ratsa daga hagu zuwa dama, aikinta ta murɗe idan jikin mota ya kwanta, ta tura shi ya miƙe. Ta Si kaurinta milimita 17 ne, taka kuwa ba ta wuce 10 ko 11 ba. A ido bambancin kaɗan ne, amma taurin sanda wajen murɗewa yana hawa ne da kaurinta a ninka shi a kansa sau huɗu. Saboda haka sandar 17 ta fi ta 10 tauri fiye da sau takwas, ta fi ta 11 kusan sau shida. Wannan ƙarfe guda zai rage maka kwanciyar da kake kuka da ita, kuma bai rage wa motar tsayi ko milimita ɗaya ba.

Kada ka karɓi sandar ita kaɗai. Ka sa a haɗo maka da bushin ɗinta biyu, wato robobin da take zaune a ciki, da ƙarafan da ke rungume su, saboda ramin bushin ɗinka ya yi wa sandar kaɗan. Idan robar ta tsage ko ta bushe, sayi sabuwa mai ramin 17. Linkin biyu na gefe kuma, masu haɗa bakunan sandar da hannun ƙafa, gara sababbi, domin sanda mai tauri tana ɗora musu aikin da tsofaffi ba za su jure ba, cikin 'yan makonni za ka fara jin ƙwas-ƙwas a kan kowane ɗan rami. Ka tafi da ma'aunin kauri ka auna sandar da kanka a wurin da take miƙe, bayan an goge tsatsa da laka. Ka kwantar da ita a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ka duba bakunanta biyu, idan ɗaya ya ɗaga ya bar ɗaya, hatsarin ya taɓa ta, bar musu abinsu.

Wajen ɗaurawa, a ɗaga bayan motar gaba ɗaya a kan matokarai biyu, ba gefe guda ba. Idan taya ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, sandar a murɗe take, linkin ba zai fita ba sai da duka, kuma sabuwar ba za ta shiga ba. A fesa wa notuna man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa. Kan kusar linkin akwai ramin alanki, da shi ake riƙe ta yayin da sifana ke juya noti, in ba haka ba za ta yi ta juyawa tare da notin. A lura da yadda tsohuwar sandar ta kwanta kafin a zare ta, saboda ana iya sa sabuwar a kife, ta riƙa gogar salansa. A sa komai da hannu tukuna, sai an sauke motar a kan tayoyinta a ɗaure tamau. Kafin nan fita, wato bakanike, ya duba kunnen ƙarfen da linkin ke kamawa a jikin hannun ƙafa. Idan akwai tsaga ko tsatsa ta ci shi, a yi masa walda da ƙarin faranti, domin nan ne yake fara yagewa.

Akwai abin da dole ka sani game da halin motar bayan wannan aiki. Civic da gaba take ja. Idan aka taurara bayanta, hancinta zai riƙa shiga kwana da sauƙi, amma bayan zai fi saurin zamewa idan ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar kwana, musamman da damina a kan kwalta mai santsi. Masu ƙera Si sun haɗa wannan sandar da ta gaba mai kauri da tayoyi masu faɗi a kan rim 17. Don haka kada ka yi wannan aikin da gogaggun tayoyi a baya. Idan biyu ne kawai masu kyau, su je baya.

Sifirin da shokazoba kuwa, ko ka ɗauki na ƙafa huɗu ko ka bar su duka. Gaban waccan motar ya daku, ke nan na baya kaɗai za ka samu, kuma baya mai tauri da gaba mai laushi yana sa mota ta riƙa tsalle da gindi a kan tudun rage gudu. Mu dai shawararmu ka tsaya a kan sanda, ka sa wa motar sababbin shokazoba irin nata idan nata sun gaji.

Tambaya: Masta, ni direban tasi ne, Corolla ta 2006 nake ja, da tulun gas a but. Idan na ɗauki mutum uku a baya sai gindinta ya zauna, salansa na gogar ƙasa. An ce in sa sifirin XRS, wai sun fi ƙarfi. Gaskiya ne? Daga Nima, Accra.

Amsa: Ɗan'uwa, sun fi tauri, amma ba don kaya aka yi su ba, kuma za su ƙara maka matsala. Corolla XRS ta 2005 da 2006 an saukar da ita ƙasa da ta gama-gari da kusan rabin inci, don ta manne wa hanya da mutum ɗaya ko biyu a ciki. Kai kuma tsayi kake nema. Sifirin da ya fi gajarta yana rage tazarar da ƙafa ke da ita kafin ta daki robar tsayawa, kuma da zarar an cika motar wannan 'yar tazarar za ta ƙare. Ban da haka, XRS ɗin nan kaɗan aka ƙera, shekara biyu kacal, don haka ba kowane sifirin da aka kira da sunanta ne nata ba.

Yi lissafin abin da ke kan ƙafar bayanka. Tulun gas mai lita 60 idan an cika shi yana kaiwa wajen kilo 50 da ƙarfensa, kuma yana zaune ne a kan aksul ko bayansa, dare da rana. Ƙara mutum uku, kilo 200 ko fiye, ga kayan kasuwa. Sifirin da ya yi shekaru masu yawa yana wannan aiki ya riga ya zauna. Ga yadda za ka gane: a shimfiɗaɗɗen fili, motar ba kowa, auna daga tsakiyar rim zuwa bakin mudgad a ɓangarorin biyu. Ana aunawa daga tsakiyar rim ne don iskar taya kada ta shiga lissafin. Kwatanta da wata Corolla irin taka da ba ta aikin haya. Idan taka ta gaza da santimita biyu ko fiye, ko hagu da dama sun bambanta da fiye da santimita ɗaya, sifirin sun mutu.

Maganin shi ne sababbin sifirin masu tsayin asali, idan an samu masu ɗan kaurin waya na ɗaukar kaya ya fi, tare da sababbin shokazoba da robar tsayawa. A wannan Corolla sifirin na baya a jikin shokazoba yake zaune, a matse. Sai da na'urar matse sifirin ake kwance notin sama. Kada ka yarda yaron gareji ya taka shi da ƙafa ya kwance, ko ya ɗaure shi da igiya. Sifirin da ya kuɓuce yana karya haƙarƙari da muƙamuƙi.

Abu biyu da ake yawan yi wa 'yan tasi, ka guje su. Na farko cusa guntun taya tsakanin zagayen sifirin: yana kashe zagayen da aka toshe, sauran su ɗauki aikin duka, daga baya wayar ta karye. Na biyu gasa sifirin da wuta a ja shi ya ƙara tsawo. Wuta tana zare masa taurin da aka ba shi a masana'anta, mako biyu zai koma ƙasa da inda yake.

Tambaya: Elantra ta 2017 gare ni. Na ji cewa Elantra Sport ƙafar bayanta mai hannuwa ce, tawa kuma ƙarfe guda. Za a iya juya tawa ta koma irin ta Sport? Daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Abin da ka ji daidai ne, Alhaji. Sport mai injin turbo 1.6 kowace tayar bayanta zaman kanta take, sauran kuma gindi guda ne mai murɗawa. Amma wannan ba canjin kaya ba ne, sake gina bayan mota ne. Kana bukatar gadon ƙarfen da hannuwan ke ɗaure a kai, hannuwan duka, mazaunin bori (ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu), sifirin, shokazoba, sitabilaiza, bututun birki, wayar hambirki da wayoyin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, sannan a sake wa salansa hanya. Duk wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da tambaya ta gaske: shin a ƙarƙashin jikin motarka akwai mazaunan da gadon zai ɗauru, da notunansu a ciki da ƙarin kaurin faranti? Sai an ɗaga motocin biyu an auna rami da rami. Idan amsar ita ce "za mu yanka mu yi walda", ka ɗauki makullinka ka tafi. Kuskuren milimita uku a mazaunin gado ya isa ya sa mota ta riƙa tafiya a karkace har abada, kuma waldar da ta saki a hanyar Nkawkaw da gudu ba ta ba da sanarwa.

Haka amsar take ga masu Toyota Matrix da Pontiac Vibe na 2009 da 2010 da ke sha'awar ƙafar XRS ko GT. Kuɗin da wannan aiki zai ci, idan aka zuba shi a tayoyi huɗu masu kyau da shokazoba na kirki, za a fi jin bambanci. Gindi guda kuma yana da ranarsa a hanyoyinmu, bushin biyu kawai gare shi, mai hannuwa kuwa bushin ɗinsa sun fi goma.

Tambaya: An sa wa Civic ɗina ta 2007 sifirin da shokazoba na Si a ƙafa huɗu. Wata uku ke nan, tayoyin baya sun cinye ta ciki, kuma akwai ƙara kamar ƙofa mai tsatsa. Me ya faru? Daga wata mai karatu a Madina, Accra.

Amsa: Hajiya, matsala biyu ce, kuma dukkansu daga wajen ɗaurawa suka fito.

Ƙarar da farko. Yawancin bushin na hannuwan ƙafa roba ce da aka manne tsakanin bututun ƙarfe biyu. Ba ta juyawa a kan kusa, murɗewa take yi. Idan fita ya ɗaure kusoshin tamau alhali mota na kan jak, ƙafafu na reto, to da an sauke ta robar ta riga ta murɗe tun kafin a taka rami ɗaya. Haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Ƙa'ida ita ce a sa kusoshin sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta a bakin rami ko a tokare hannun ƙafa da jak har nauyin motar ya hau kansa, sannan a ɗaure da sifanar awo. Yanzu a duba kowane bushin da fitila. Wanda ya tsage a canza shi, sauran a sassauta su a sake ɗaurewa yadda ya kamata. Giris ba ya gyara wannan, yana ma lalata robar.

Cin taya kuma daga saiti ne. A ƙafa mai hannuwa, duk lokacin da tsayin mota ya ragu, kan tayar yana ƙara karkata ciki, bakinta ma yana kaucewa. Dole a kai ta injin alaimen na taya huɗu bayan aikin, ba na gaba kaɗai ba, kuma a bar sifirin su zauna na kwana biyu ko uku kafin a je. Kaucewar baki ita ta fi cin taya da sauri, kuma a wannan Civic ana iya saita ta. Karkatar kai kuwa ba ta da wurin saiti daga masana'anta. Civic na 2006 da 2007 an san su da wannan ciwo tun asali, har Honda ta fito da sabon hannun sama na baya wanda aka buga wa harafin C a jiki. Ki sa a leƙa naki. Idan babu C, ko an samu amma injin ya nuna karkatar ta wuce iyaka, a sa hannun sama mai zare wanda ake iya ƙara masa tsawo. Ki nemi takardar da injin ya buga, mai nuna awon kafin aiki da bayan aiki. Notunan taya na wannan motar a awon Nm 108 na sifanar awo ake ɗaure su.

Tayar da ta riga ta cinye har zare ya kusa fitowa ta ciki, saiti ba zai dawo da ita ba. Ki shafa da hannu ta can ciki, domin daga waje za ta yi miki kamar sabuwa.

Tambaya: Yaya zan gane shokazoba hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai kyau? Daga Sabon Zango, Accra.

Amsa: Goge shi da tsumma ka duba wuyansa inda sandar ke fitowa. Ɗan danshi ba komai, amma mai da ya gangaro ya kama ƙura alamar sil, robar da ke tsare man, ya tafi. Shokazoba da aka wanke fes aka fesa masa baƙin fenti, ka ƙara sa masa ido. Ja robar rufi sama ka shafa sandar da farce: ƙurji, ɗigon tsatsa ko ɗan lanƙwasa za su yanka sil cikin kwanaki. Tsayar da shi a miƙe yadda yake zama a mota, ka danna ka ja sau huɗu ko biyar har ƙarshe. Nauyin ya zama ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ja ya fi dannawa nauyi. Idan akwai wurin da hannunka ya faɗa babu turjiya, ko ka ji kukan kumfa bayan an yi ta motsa shi, mai ya ragu. Mai gas yana turo sandarsa waje da kansa a hankali. Gwada biyun gefe da gefe, su fito kusan tare.

Kayan da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka sun sha gishirin da ake zuba wa hanya lokacin ƙanƙara. Ƙwanƙwasa farantin da sifirin ke zama a kai da ƙaramar guduma, ka duba zagayen ƙarshe na sifirin, nan yake fara karyewa. Ɗigon fenti mai launi da ke jikin sifirin alamar ajinsa ce, na hagu da na dama su zama iri ɗaya. Lambar da aka buga a jikin shokazoba kuma a sa mai shago ya duba ta a intanet a gabanka, ita za ta faɗi motar da aka ciro shi daga ciki. Ko yaushe biyu ake saye, kuma a yi yarjejeniyar dawowa da shi kafin a biya.

Tambaya: Tunda za a kwance ƙafar baya, in mayar da birkin ganga ya koma na faifai daga Si? Daga Tafo, Kumasi.

Amsa: Ana yi, kuma a Civic ta 2006 zuwa 2011 ba sai daga Si ba, EX ma faifai gare ta a baya, ta fi yawa a kasuwa. Za ka buƙaci mazaunin bori na hagu da dama, faifai, kalifa mai matse faifan da mariƙinsa, sabon fad, bututun roba na birki da wayoyin hambirki biyu, domin bakin wayar ganga ba ya kama kalifa. A tabbatar na'urar ABS ta zauna daidai kuma fitilarta ta mutu bayan an tayar da mota. A canza man birki gaba ɗaya da DOT 3 daga sabuwar kwalba, a fitar da iska a ƙafa huɗu. Fistin kalifar baya murɗa shi ake yi ya koma ciki, ba a danna shi da ƙarfi kamar na gaba, in an danna sai na'urar hambirki da ke cikinsa ta lalace.

Sai dai kada ka sa ran motar za ta tsaya da wuri sosai. A mota mai jan gaba, birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin, kuma riƙon taya ne ke yanke tazarar tsayawa. Ribar faifai ita ce saurin hucewa a doguwar gangara da sauƙin duba fad. Ganga kuma a rufe take, laka da jar ƙasa ba sa samunta kamar yadda suke samun fil ɗin kalifa, wanda sai an riƙa zare shi ana sa masa giris na birki duk wata shida ko makamancin haka. Idan motarka ba ta da ABS, rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya yana hannun wani bawul da aka yi wa ganga, kuma sai an canza shi da wanda ya dace da faifai. Bayan aikin a gwada birkin a fili marar mutane, a gudun kilomita 30 tukuna, sannan 50, a tabbatar tayoyin baya ba sa kullewa kafin na gaba, hambirki kuma yana riƙe motar a kan tudu.